Babur Benli ɗin Baba nake so in tayar, wa zan kai wa?

Abban Sadik: Assalamu alaikum 'yan zaure. Shawara nake nema. Jiya muka buɗe shagon ƙofar gida inda Baba, Allah ya jiƙansa, yake tara tarkacensa, saboda ƙanena zai zuba kayan masarufi. A can ƙurya ƙarƙashin wata tsohuwar tabarma muka tarar da babur ɗinsa, Honda Benli 175, ja. Rabonsa da titi tun 1998. Tayoyi sun zauna, ɓeraye sun gama da kujera, cikin tanki duk tsatsa. Yayana ya ce a kira 'yan gwangwan, Hajiya ta ce ba da yawunta ba. Ni dai so nake in ji kukansa ko sau ɗaya. A Kano nake. Wane bakanike zan kai wa, kuma ina ake samun kayansa yanzu?

Baban Ummi: Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan Baba. Abu na farko, kada ka taka kik ɗin nan.

Abban Sadik: Amin. Ai na riga na taka sau biyu, Malam.

Baban Ummi: To ka bar shi haka. Cire fulogi duka biyun, ka ɗiga baƙin mai kamar cokali ɗaya a kowane rami, ka bar shi ya kwana biyu. Bayan nan ka danna kik da hannu a hankali. Ringi da ya shekara ashirin da wani abu a bushe, in ka matsa masa karyewa zai yi ya kakkarce maka silinda.

Ɗan Fagge: Sayar min kawai ka huta. Yau ɗin nan zan turo yaro da kura.

Malam Na-Tudun Wada: Ga irinsu nan sun fara fitowa. Kada ka saurare shi, ɗana.

Ɗan Fagge: Bazazzagi ya zo. Ranka ya daɗe, ku da har yanzu kuke tura babur daga Kwangila zuwa Samaru don tsimin mai.

Malam Na-Tudun Wada: Gara mu, namu ne muke turawa. Bakano na aro yake hawa ya je zance.

Kawu Mai Roadmaster: Bari in ba ka labarin abin da ya same ni, don kada ka faɗa ramin da na faɗa. Nawa Honda Roadmaster ne, ƙanen naka Benlin. Na ajiye shi shekara tara, da na yi ritaya na ce bari in tashe shi in riƙa zuwa gona. Aka haɗa ni da wani bakanike, aka ce duk unguwar ba kamarsa. Na kai masa babur a cike, ko madubi bai ɓace ba. Ya duba ya ce sati biyu. Sati biyun nan sai da ta zama wata bakwai. Duk zuwan da na yi sai in tarar da injin a warwatse cikin wani tsohon daro, yaransa na tsallake shi, kaji na kiwo a gefe. Yau ya ce fistin, gobe ya ce kwayil, jibi ya ce an kai silinda wajen masu faɗaɗa rami. Ni kuma ina ta miƙa kuɗi kamar mai biyan bashi.

Ranar da ya ce in zo in ɗauka, wallahi daga nesa na yi murna, ya sha fenti sai ƙyalli yake. Da na matso sai jikina ya yi sanyi. Fentin nan har kan wayoyi da notuna, har kan ɗan farantin da ke ɗauke da lambar babur. Salansa biyun nan na asali masu nauyi babu su, an ɗaura wasu kamar gwangwanin madara. Na hau, kafin in kai gida ya mutu sau uku. Sai da wani tsohon abokin aikina ya leƙa ƙarƙashin tanki ya ce, Kawu ina kafiretarka? Ashe Keihin ɗin da ya zo da ita daga kamfani an cire, an sa wata sabuwa 'yar Chana wadda ba ma ta girman injin ba. Na koma, ya rantse ya ce tsohuwar ta lalace ya jefar. Kafireta ba ta lalacewa haka kawai, wanke ta ake yi a canza allura da roba. Daga baya na ga irin salansata a jikin babur ɗin wani, da ɗan lotsawar da na yi mata da kaina a bakin masallaci. Ban ce komai ba, na bar shi da Allah.

Saboda haka in za ka ji tawa: babur kada ya bar gidanku. Ka ɗauko bakanike ya zo ƙofar gida ya yi aiki kana zaune, ka biya shi kullum. Duk abin da aka kwance ka ɗauke shi hoto, ka sa a leda, ka rubuta. Duk abin da aka ce ya mutu, a ba ka gawar a hannunka. Tsohon ƙarfen Japan da ya gaji ya fi sabon da za a kawo maka cikin kwali mai kyau.

Abban Sadik: Innalillahi. Allah ya mayar da alheri, Kawu. Yanzu yana ina?

Kawu Mai Roadmaster: Yana nan a zaure, jikoki na hawa suna "buuu" da baki.

Oga Injiniya: Maganar Kawu gaskiya ce. In ƙara da abin da na sani a Benli. Silinda biyu ne amma kafireta ɗaya, kontak ɗaya (abin da ke buɗewa da rufewa don tura wuta ga fulogi), kuma fistin biyun tare suke hawa tare suke sauka, shi ya sa kukansa yake fita daban, wanda ya saba tun daga kwana zai gane shi. Wutarsa bolt 6 ce, kuma sai da batir mai rai yake ba da wuta sosai. Kada wani ya zo ya jona maka batirin 12 wai don gwaji, ƙwayayen fitila za su tafi nan take. Ratar kontak tsakanin 0.3 zuwa 0.4 na milimita. Sannan a gefen dama cikin inji akwai wani ɗan kofi da ke juyawa yana tace baƙin mai. Yawancin yaran yanzu ba su san da shi ba. A buɗe shi, za ka ga datti ya daskare kamar tuwon jiya. In ba a wanke ba mai ba zai hau sama da kyau ba, kan inji ya cinye kansa, kuma kan Benli ba abin da za ka shiga kasuwa ka ce a ba ka ba ne.

Baban Ummi: Da sukurorin murfin inji. Na Japan ne, wasu za ka ga ɗan ɗigo a kansu. Sukundireba ta gama-gari zamewa take ta cinye kan. A nemo irin wadda ake bugawa da guduma.

Ɗan Maraɗi: Salamu alaikum mutanen Najeriya. Mu nan tanki mai tsatsa tsamiya muke jiƙawa da kauri mu cika shi, ya kwana ukku, a zuba 'yan notuna a girgiza, a ɗauraye, a shanya a rana, a zagaya da ɗan mai tun bai sake kamawa ba. Buji kuma, wato fulogi, ka sayi NGK amma ka duba da kyau, na jabu sun cika kasuwa.

Ɗan Fagge: Tsamiya kuma? Kunu za a dama wa babur ɗin?

Oga Injiniya: Dariya kake, amma tana aiki. Tsamin ne ke cin tsatsa. Sai dai in tankin ya riga ya yi laushi a ƙasa za ta tona ƙananan huji, daga nan sai mai walda. Kuma kada a kusanto da wuta sai an wanke warin fetur tas.

Hajiya Maman Iman: Ni ba ni da abin cewa a gyara, amma kun tuna min da Yamaha Mate ta Innarmu. Malamar asibiti ce, kullum da farin kaya, ni a gaba a tsaye ina riƙe da kai, yayata a baya ta rungume jaka. Ba kuloci, da ƙafa kawai take sa giya. Har yau in na ji warin hayaƙin nan mai shuɗi sai in tuna safiyar makaranta lokacin hunturu.

Malam Na-Tudun Wada: Allah sarki Hajiya. Ai lokacin in ka ga mace a kan Mate ko ƙaramar Honda, to ko malamar asibiti ko ta makaranta. Mu kuma kuɗin Udoji, ƙarin albashin ma'aikatan nan, su ne suka hau da mu. Da aka biya ariyas a 1975, a makarantarmu kaɗai malamai sai da suka cika gindin darbejiya da babura. Hedimasta Benli, mu ƙanana Suzuki 100 da Yamaha 100. Abban Sadik, ina kyautata zaton na mahaifinka ma na lokacin ne.

Abban Sadik: Haka Hajiya ta ce, Baba. Wai shekarar da aka haifi yayana.

Sarkin Gudu: Ku yi haƙuri dattawa, amma Benli babur ɗin masu zuwa ɗaurin aure ne. In gudu ake magana a kawo Yamaha RX ko Kawasaki GTO. Kafin Benli ya gama gyaran murya an sha kwana.

Oga Injiniya: An sha kwana, an kuma sha asibiti. Masu hayaƙin nan nawa suka rage a gari? Wanda ya manta bai zuba man 2T, man injin da suke ƙonawa tare da fetur, ba sau ɗaya, fistin ya kama, shi ke nan.

Sarkin Gudu: Laifin masu cire famfon mai ne. Yamaha ta sa famfo yana auna mai da kansa, bakanike ya zo ya cire wai a riƙa haɗawa a tanki, mai babur kuma ya riƙa zubawa da ka. Ina laifin inji?

Baban Ummi: A nan kam Sarki ya yi gaskiya. Kuma mai tayar da irin waɗannan bayan dogon ajiya ya canza robobin gefen ƙaranshaf, in sun bushe iska suke ja, inji ya yi zafi ya kama.

Ɗalibi: Wani abin mamaki, Suzuki da injin saƙa suka fara tun 1909, Yamaha kuma kayan kiɗa, babur ɗin Yamaha na farko sai 1955. Honda 1948 aka kafa. Kuma kalmar Benli daga yaren Japan take, wai abu mai sauƙin amfani.

Ɗan Fagge: Masaƙa da makaɗa kenan. Shi ya sa Yamaha ta fi zaƙin murya.

Alhaji Mai Basfa: Duk kun gama surutunku, ango a zamaninmu a Basfa yake zuwa.

Malam Na-Tudun Wada: Alhaji wannan ta Italiya ce, ba a gayyace ta ba.

Alhaji Mai Basfa: Ita ke zuwa da tayar safaya a gefe. Naku in ya yi faci sai turi.

Ɗan Maraɗi: Wai ba wanda ya ba bawan Allah amsar inda zai samu kaya.

Oga Injiniya: Ƙofar Ruwa zai fara, amma ba shagunan gaba ba, ya shiga ciki wajen masu tsofaffin kaya, ya tafi da abin da yake nema a hannu don a gwada. In abin ƙerawa ne kamar madigadi ko kariyar ɗora kaya, Panteka a Kaduna za su buga masa. Sabbin kaya irin gaskit, sarƙa, kebur, 'yan Nnewi da ke Sabon Gari suna kawowa, sai dai a zaɓa. Fistin kuma kada a yarda a faɗaɗa silinda sai an samu fistin a hannu tukuna, mai ƙarin faɗin milimita 0.25 ko 0.50, sannan a yanka daidai da shi. Da yawa sun yanka sun zo suna neman abin da babu.

Sarkin Gudu: Ko ya ɗora injin Honda CG kawai ya huta. Ko'ina akwai kayansa.

Kawu Mai Roadmaster: A'uzubillahi. To me ya rage na mahaifinsa? Kukan yake son ji, ba zuwa kasuwa ba.

Oga Injiniya: CG ba abin rainawa ba ne, Honda ta yi shi ne a tsakiyar shekarun 1970 musamman don ƙasashe irin namu inda ba a damu da juyen mai ba, shi ya sa 'yan Chana suka yi ta kwafarsa. Amma a jikin Benli, a'a.

Baban Ummi: Takardu fa? Ka duba lambar inji da ta jiki ko sun yi daidai da abin da ke rubuce. Ranar da ka fito da shi titi za a tambaya.

Abban Sadik: Yanzu na fito daga ɗakin Hajiya. Ta buɗe adakarta, ga rasit, ga ɗan littafin da ya zo da shi, ga makulli biyu a ɗaure da zare. Har da jakar sifanu, guda ɗaya ce kawai babu. Ta ce in ya tashi ita za a fara ɗauka.

Hajiya Maman Iman: Wayyo. A gaishe ta don Allah.

Ɗan Fagge: Da takardu? To na ƙara kuɗi.

Malam Na-Tudun Wada: Kai dai Allah ya shirye ka. Akwai wani dattijo da ya yi gyaran Benli tun muna samari, ban sani ba ko idonsa na gani har yanzu. Zan tambaya ranar Juma'a in na shiga birni.

Abban Sadik: Na gode Baba. Na ɗiga man, fulogi ɗaya dai ya ƙi fita.

Baban Ummi: Kada ka tilasta shi, zaren na alminiyom ne. Kalanzir a gindinsa, gobe ka sake gwadawa.

Sarkin Gudu: Tunda an taru, wa ke da murfin gefe na Suzuki 100, na hagu? Ko fenti ya goge ina so.