Tambaya: ɗan mijina zai iya bin mu Faransa?

Maman Biyu, Birni:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Maigidana yana Faransa shekara ta uku ke nan, yana aikin gini, yana da katin zama. Yanzu yana so ya ɗauke mu, ni da yaranmu biyu. Abin da ya hana ni barci shi ne babban ɗansa, wanda ya haifa da matarsa ta fari. Sun rabu tun yaron yana ɗan shekara huɗu, ta yi wani aure a Mirya, tun lokacin kuma a hannuna yake. Ni na kai shi lakkol, ni na yi jinyarsa da ya yi ƙyanda, Inna yake ce mini. Bana ya shiga sha bakwai. Wata maƙwabciya ta ce ɗan kishiya ba ya shiga wannan tsari ko kaɗan. Wallahi ba zan iya hawa jirgi in bar shi a Damagaram yana kallonmu ba. Wanda ya san dokar ya taimake ni.

Ɗan Zango a Turai:
Wa alaikumus salam ƙanwata. Maƙwabciyarki ta haɗa abu biyu. Wanda aka hana shi ne mai mata biyu a lokaci guda: in ɗaya tana Faransa ba zai kawo ta biyu ba, 'ya'yanta ma haka, sai in ta rasu ko kotu ta karɓe mata ikon uwa. Naku daban ne tunda an rabu. Ɗan auren baya yana shiga, amma da takarda biyu: hukuncin kotu da ya danƙa wa uban riƙonsa, da amincewar mahaifiyarsa a rubuce cewa ya tafi.

Abin da zan ja kunnenki a kai shi ne shekarunsa. Dole ya kasance bai cika 18 ba, kuma ranar da aka ajiye dosiye ake dubawa, ko da amsa ta zo bayan ya cika. Saboda haka maigidan ya daina jira.

Sauran sharuɗɗan a kansa suke. Zaman wata 18 bisa ƙa'ida, ya riga ya wuce wannan. A 2024 an so a mai da shi wata 24, kotun tsarin mulkinsu ta soke. Za a duba abin da ya samu a wata 12 na baya. Ku biyar ne, don haka dole abin da yake samu a wata ya kai mafi ƙarancin albashin ƙasar da ƙarin kashi ɗaya cikin goma, ban da kuɗin tallafin iyali. Sai gida, wanda nan ne yawancinmu muke maƙalewa. A birane masu tsada kamar Paris girman gida aƙalla murabba'in mita 22 ne na mutum biyu, kowane ƙarin mutum mita 10, ke nan 52 gare ku. A ƙananan garuruwa daga 28 ake farawa. OFII, wato ofishin Faransa mai kula da harkokin baƙin da ke zuwa zama, ake kai wa dosiye, magajin garin da maigidan yake zaune ya faɗi ra'ayinsa, firefe ya yanke cikin wata shida.

Tsohon Akawu, Sabon Gari:
Hajiya, kafin komai ki shimfiɗa takardunku a tabarma ki karanta su harafi-harafi. Na sha ganin uba ɗaya da suna uku: Mahamadou a fasfo, Mahaman a takardar aure, Mamane a takardar haihuwar yaro. Mu mun san mutum guda ne, Bature bai sani ba. Sannan ɗaurin aure a masallaci da goro da shaidu bai wadatar da su ba, sai takardar aure ta ma'aikatar magajin gari. In ba a yi rajista a kan lokaci ba, kotu ce za ta ba da hukuncin da zai maye gurbinta. Takardar sakin matar fari ma ku nemo ta, don ita ce shaidar cewa ke kaɗai ce matarsa. Ki tuna kuma ofishin jakadancin Faransa na Yamai a rufe yake tun Janairun 2024, neman biza sai an fita wata ƙasa, ki tanadi guzurin hanya na mutum huɗu.

Hajiya Gwaggo, Garin Malam:
'Yata, kowa ya yi maganar takarda, ni ta mahaifiyar zan yi. Kada ku aika mata saƙon waya, kada ku tura yaro da fom a hannu. Ita ta ɗauki cikinsa wata tara, ana roƙon ta sa hannu ɗanta ya tsallaka teku. Ki tashi da kanki, ki ɗauki wani dattijo daga dangin mijinki, ku fara gaida mijinta na yanzu. In ta ce sai ta yi shawara, ki ba ta lokaci. Shi yaron ma kun tambaye shi yana son tafiyar?

Maman Biyu, Birni:
Allah ya saka muku da alheri. Gwaggo, na tambaye shi daren jiya, ya ce zai je amma sai mahaifiyarsa ta sa masa albarka. Baffansu ya yarda zai raka ni Mirya ranar Lahadi. Malam Akawu, na duba: a takardar yaron an rubuta sunan uban ba kamar na fasfo ba. Kotu zan nufa da gyaran ko ma'aikatar magajin gari, kuma shi maigidan sai ya zo da kansa?