Wai wane João Pinto ne bai taɓa barin Porto ba?

Ɗan Gangare:
Salam jama'a. Jiya da daddare a teburin mai shayi nan Bauchi Road muna musu kan 'yan ƙwallon da kulob ɗaya suka yi wa wasa har suka yi ritaya, kowa sai Totti, Maldini, Giggs, sai wani dattijo da ke gefe yana fifita shayinsa ya ce ku yara ba ku san João Pinto na Porto ba. Na ce haba Baba ai wannan Benfica da Sporting ya buga, shi ne ma ya sha jan kati a kofin duniya na 2002. Dariya kawai ya yi ya biya kuɗinsa ya wuce. Don Allah wa ke da gaskiya?

Kawu Dilimi:
Ɗana ka sha ƙasa, su biyu ne. Naka João Vieira Pinto ne ɗan gaba, na dattijon kuma João Domingos Pinto, lamba biyu, haihuwar 1961. Daga 1981 har 1997 rigar Porto kawai ya sa, ya ci lig 9, ya buga wa Portugal wasa 70. Shi ya ɗaura kyaftin a fainal ɗin kofin Turai na 1987 a Vienna saboda kyaftin ɗinsu Fernando Gomes ya karye kafin wasan, Bayern Munich ta fara cin su ɗaya har aka tafi hutun rabin lokaci, aka dawo Madjer ɗan Aljeriya ya rama da dunduniya, kafin mu gama ihu Juary ya ƙara, 2-1. Wallahi wannan dunduniyar mun yi wata guda muna gwada ta a fili ba takalmi, ni dai farce na bari a wurin.

Mai Jersey Terminus:
Kawu to in haka yake me ya hana su ba shi kocin Porto ɗungurungum? Mutum ya ba ku shekara 16 fa.

Kawu Dilimi:
Kyaftin daban koci daban. Ya riƙe yaran Porto, sannan ya zama mataimakin kocin Porto Jesualdo Ferreira daga 2006 zuwa 2010, suka ɗauki lig uku a jere. Da ya fita cin gashin kansa ƙananan kulob ya samu, Covilhã, sai Chaves da ya haura da su rukuni na biyu a 2013. A ganina mutumin ɗakin canja kaya ne, mai tsawata wa yara, ba mai zana dabara a allo ba. Shi ne fa ya ce hasashen wasa sai an tashi wasa, har yau 'yan Portugal na tsokanarsa da maganar.

Ɗan Gangare:
Kai! Ni da Zaidu Sanusi ne ya sa na fara kallon Porto ina zan san wannan. Yau in dattijon ya zo shayinsa da ƙwai biyu a kaina, amma ba zan ce masa a nan na tambaya ba.