Layin gemuna na wuya ya ƙi daidaita, a taimaka

Assalamu alaikum 'yan uwa. Wata huɗu ke nan ina tara gemu, ya cika sosai, amma layin ƙasa na wajen wuya ya gagare ni.

Da farko na bi ƙashin muƙamuƙi na aske duk abin da ke ƙasa. Ta gaba ba laifi, amma da na ga hotona ta gefe sai gemun ya zama kamar an liƙa shi, naman ƙarƙashin haɓa duk a waje. Na haƙura mako 3 ya tofo. Sai na gwada abin da ake faɗa, a ɗora yatsu biyu a saman maƙogwaro a fara daga nan. Tsakiyar ta yi daidai. Matsalar daga nan zuwa bayan kunne ce: dama kullum ya fi hagu hawa sama, in na ce bari in gyara hagun sai shi ma ya wuce. Haka nake ta ci har layin ya koma kan muƙamuƙi.

Na ɗaga kai a gaban madubi, na zana layi da farin fensir, da na sauke kai sai ya karkace. Mai askin unguwarmu kuwa reza yake sawa, bayan kwana biyu gashin ya nannaɗe ya koma cikin fata, ƙuraje su cika wuyan. Shi ya sa na koma kilifa a gida.

Don Allah masu gyara da kansu, wace alama kuke bi daga maƙogwaro zuwa kunne har gefe biyun su zo daidai?