Wanda yake bin sujada ta waya kowace Lahadi, ya je coci ke nan?

Ɗan Zumunta:
Salama a gare ku 'yan'uwa. Tun kullen korona na 2020 da aka rufe majami'u aka koma sa sujada a Facebook da rediyo, akwai waɗanda har yau ba su dawo sosai ba. Hujjarsu ita ce wa'azin da za a yi a coci shi suke ji a waya, baiko kuma suna turawa ta banki. To me mutum yake rasawa in ya zauna a gida? Sannan ma'aikacin asibiti, ɗan sanda ko mai gadi, wanda aikinsa kan faɗo ranar Lahadi, yaya zai yi? Iyayenmu dattawa da malamai, a taimaka da bayani.

Dattijon Ikilisiya:
Ɗana, kuskuren yana wajen ɗaukar sujada a matsayin jin wa'azi kawai. Duba Ayyukan Manzanni 2:42, abubuwa huɗu aka ce masu bi na farko sun riƙe: koyarwar manzanni, tarayya, gutsuttsura gurasa da addu'a. Waya tana iya kawo maka na farkon, wataƙila da ɗan wani abu na huɗun. Biyun tsakiya kuwa sai da jiki.

Ɗauki Jibin Ubangiji, wato gutsuttsura gurasar nan da ake yi tare don tunawa da mutuwar Yesu. A ikilisiyoyi da yawa sau ɗaya ake yinsa a wata, wato sau 12 a shekara. Wanda yake zuwa jefi-jefi yana iya yin wata shida bai dace da ranar ba, kuma shi kansa bai lura ba. Bulus a 1 Korintiyawa 11 sai maimaita maganar taruwa wuri ɗaya yake yi in yana zancen jibi, har ya ce a jira juna. Ba abin da mutum yake wa kansa ba ne a ɗaki. Haka baftisma: ajin baftisma yana da rajista, wanda yake tsallake darasi akan ɗage shi zuwa wani zagaye. Haka aure, inda aka saba yin sanarwa Lahadi uku a jere domin jama'ar da suka san mutum su shaide shi. Wanda ba a san fuskarsa ba, wa zai shaide shi?

Ibraniyawa 10:24-25 da kowa yake kawowa, a lura da dalilin da ya bayar. Bai ce ku taru don ku ji sabon abu ba. Cewa ya yi mu kula da juna, mu zuga juna ga ƙauna da aikin kirki, kada mu bar taruwa yadda waɗansu suka saba. Ashe tun wancan zamani akwai masu wannan hali. Ma'anarsa ita ce rashin zuwanka ba kai kaɗai yake ragewa ba, akwai gwauruwar da ke zama a bencin bayanka wadda gaisuwarka ce kaɗai za ta samu a makon.

Kan masu aikin Lahadi kuwa, a tuna cewa sai a shekara ta 321 sarki Kustantin ya mai da Lahadi ranar hutu a daular Rum. Kafin nan ranar aiki ce, masu bi sukan taru da asuba ko da dare. A Taruwasa, Ayyukan Manzanni 20:7, taron ranar farko ta mako ya kai tsakar dare, har wani saurayi barci ya kwashe shi ya faɗo daga taga. Saboda haka mai aikin asibiti ya karɓi jadawalin aikinsa tun farkon wata, ya fara neman musanya da abokin aiki a Lahadin jibi, ita ce ta fi muhimmanci. In cocin tana da sujada biyu, ta Turanci da ta Hausa, ya shiga wadda ta dace da lokacin tashinsa ko da ba ita ya saba ba. Makon da Lahadi ta gagara, ya je addu'ar tsakiyar mako ko nazarin Littafi Mai Tsarki. Kuma ya sanar da fasto ko dattijon unguwarsa, don kada a ɗauka ja da baya ya yi.

Katikis:
Na gode Baba. Bari in ƙara da yadda abin yake a Katolika, domin a rubuce yake. Doka ta 1247 cikin dokokin Ikilisiya ta wajabta halartar Misa, wato babbar sujadarmu ta jibi, ranar Lahadi da manyan ranakun idi. Ta 1248 ta ce wanda ya halarci Misar yammacin Asabar ya sauke nauyin, wannan kuwa sauƙi ne babba ga masu aikin dare. Rashin lafiya, jinyar mara lafiya da renon jariri uzuri ne karɓaɓɓe. Kallon Misa a talabijin yana da amfani ga wanda yake kwance, amma ba ya zama madadin zuwa ga mai lafiya. Mara lafiyan ma abin da ya dace shi ne iyalinsa su gaya wa Fada, wato limamin cocinsu, a kai masa jibi har gida. A ƙauyukan da Fada ba ya samun zuwa kowane mako, jama'a suna taruwa katikis, wato malami mai taimaka wa Fada, ya bi da karatu da addu'a, ba a cewa tunda babu Misa kowa ya zauna a gidansa.

Maganar ba sabuwa ba ce. Majalisar bishop-bishop da ta zauna a Elbira ta ƙasar Sifen a farkon ƙarni na 4 ta yanke cewa wanda yake zaune cikin gari ya yi Lahadi uku bai zo ba, a dakatar da shi na ɗan lokaci.

Maman Zumuntar Mata:
'Yan'uwa, a duba abin da yake hana mutane zuwa, domin sau da yawa ba waya ba ce, wayar mafaka ce kawai. Lahadi ta farko akwai dalili na gaskiya, zazzaɓi ko rashin kuɗin mota. Ta biyu gajiya. Ta uku kuwa kunya ce, ana gudun a shiga a ji "ina kika shige?" a gaban mutane. Akwai kuma bashin kuɗin gini ko na anko da ake karanta sunaye a bagade, da saɓanin da ba a sasanta ba. Mace takan daina zuwa saboda zane ɗaya gare ta, ba za ta taɓa faɗa ba.

Shi ya sa bibiya take da tsari. Kowace ƙungiya, mata, maza, matasa, mawaƙa, ta riƙe rajistarta. Wanda aka rasa Lahadi biyu a jere, a kira shi a makon, kada a bari ta kai uku. In ba a gamsu ba mutum biyu su je gida, mata wajen mace, maza wajen namiji. A je gaisuwa, ba tuhuma ba, kuma kada a ɗauko maganar kuɗi ranar. Abin da aka ji a gidan ya tsaya tsakanin masu ziyara da fasto. Ranar da ya dawo a yi masa sannu kamar kowa, ban da tsayar da shi a tafa masa.

Iyaye kuma su sani yara ba sa bin makarantar Lahadi ta waya. A gama wanki da guga da neman takalma tun daren Asabar, a ware kuɗin mota da na baiko, yawancin makara daga nan take farawa.

Ɗan Zumunta:
Allah ya saka, Mama. Wanda aiki ko makaranta ya kai shi wani gari fa, yana cewa cocinsa tana gida?

Dattijon Ikilisiya:
Ya karɓi takardar shaida daga fastonsa kafin ya tashi, wadda ta nuna an yi masa baftisma kuma yana cin jibi. Cikin wata guda ya zaɓi coci ɗaya kusa da masaukinsa, wadda zai iya zuwa da ƙafa ko da mota ɗaya, ya miƙa takardar. In babu ɗarikarsa a garin, ECWA ce ko COCIN ko EYN ko HEKAN, ya shiga wadda ya samu mai koyarwar da ta yi daidai da bangaskiyarsa, ya tambayi dattawan wurin ƙa'idarsu kan baƙi masu cin jibi. Ɗalibi kuma ya nemi zumuntar ɗalibai ta makarantarsa tun makon farko.