Zaɓen ƙaramin inji ga jirgin su: abin da masu shi suka gani

Mai tambaya, dillalin kifi a kasuwar Galadima:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka taɓa sayen injin jirgin ruwa da kuɗinsu, suka kuma yi aiki da shi har suka san halinsa. Ni a cikin birnin Kano nake zaune, sana'ata sarin kifi, amma kawuna masunci ne a madatsar ruwa ta Tiga, ta ɓangaren Rurum, kuma shekaru sun fara cim masa, tuƙi da filafili ya soma gagararsa. Jirginsa na katako ne, tsawonsa ƙafa 22, mutum biyu ko uku ke shiga tare da kalli da kwandunan kifi. Mu 'ya'yan 'yan'uwansa mun haɗa kuɗi domin mu saya masa inji, sai dai kawunanmu sun rabu. Wasu sun ce a sayi mai ƙarfin doki 40 a huta gaba ɗaya, wasu sun ce mai doki 15 ya wadatar, ni kuwa ina tunanin ko na hannu zai fi dacewa da aljihunmu. Don Allah wanda ya gani da idonsa ya faɗa mana.

Wani masunci da ke su a Tiga:

Wa alaikumus salam, Malam. Zan ba ka labarin kaina, domin kuskuren da 'yan'uwanka suke shirin yi ni na riga na yi shi. Injina na farko mai doki 40 ne, kuma babu abin da ya sa na saye shi illa na ga irinsa a bayan manyan jiragen fito na Yawuri, na ɗauka cewa girman inji shi ne saurin tafiya. Da muka ɗaura shi, sai bayan jirgin ya zauna cikin ruwa, goshinsa ya ɗaga sama, har ya zama dole yarona ya koma can gaba ya zauna a kan buhun yashi kafin mu daidaita. Nauyin injin ya haura kilo 70, mutum ɗaya ba ya iya cire shi, ga shi kuma ba a barin inji a bakin ruwa ya kwana saboda ɓarayi. Kullum magariba sai na nemi wanda zai kama mini.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne, saurin da na sa rai ban same shi ba. Jirgin katako mai nauyi ba ya hawa saman ruwa kamar jiragen roba na shaƙatawa, ture ruwan yake yi, kuma akwai iyakar da idan ya kai, duk man da ka ƙara masa sai dai ya haƙa rami a bayansa ya tayar da igiyar ruwa. Da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, sai na zauna na yi lissafi, na ga kuɗin karfasar da nake kamowa a tanki yake ƙarewa. Na sayar da shi na sayi mai doki 15. Idan na buɗe masa wuta duka yana shan wajen lita 7 a awa ɗaya, amma ba na buɗewa, domin a rabin wuta ma jirgin yana tafiyar da ta ishe ni, man kuma yana auki ƙwarai. Nauyinsa bai kai kilo 40 ba, ina saɓa shi a kafaɗa in kai gida.

Makanikin injuna, Sabon Gari:

Alhaji ya faɗi gaskiya game da girman inji, ni kuma zan ƙara abin da ya fi kawo mini mutane shago, wato tsawon ƙafar inji. Ƙananan injuna suna zuwa iri biyu, mai gajeriyar ƙafa na allon baya mai tsayin inci 15, da mai doguwar ƙafa na inci 20. Kafin ka je wurin mai sayarwa, ka sa a auna allon bayan jirgin Baba daga inda za a ɗaure injin zuwa gindin jirgin. Akwai wani faffaɗan ƙarfe a saman farfela, shi ne ya kamata ya yi daidai da gindin jirgi ko ya ɗan yi ƙasa kaɗan. Idan ƙafar ta gaza, farfela za ta riƙa shaƙar iska, ka ji inji yana kuka jirgi bai tafiya, famfon ruwan ma ya kasa jan ruwa. Idan kuma ta yi tsawo, ga jan mai, ga dukan kututture. Wannan na biyun ba ƙaramin abu ba ne a Tiga, domin tun da aka kammala madatsar a 1974 ruwa ya shanye gonaki da itatuwa, kuma da rani, idan aka saki ruwa zuwa gonakin Kadawa ya ja baya, kututturan suna matsowa kusa da sama. Idan jirgin irin mai tsinin baya ne, to sai kafinta ya fara yi masa allo mai kauri, kada a ɗaure inji a jikin katakon da ya riga ya sha ruwa.

Sai maganar mai bugu biyu da mai bugu huɗu. Mai bugu biyu shi ne wanda ake haɗa masa fetur da baƙin mai a tanki ɗaya, kamar ƙaramin janareta Tiger da kowa ya sani. Irin su Yamaha Enduro da Suzuki DT da Tohatsu duk suna da shi. Ba shi da nauyi, kayan cikinsa kaɗan ne, kuma duk makanikin da ya iya kwance kafireta zai iya taɓa shi. Mai bugu huɗu ya fi tsimin mai, ba ya hayaƙi, ba ya ƙara sosai, amma ya fi tsada, ya fi nauyi da kilo goma ko fiye, kuma yana da ɓangaren da aka yarda a kwantar da shi a kai. An taɓa kawo mini wani a bayan a-kori-kura an kwantar da shi ta inda aka ga dama, baƙin mai ya gangara ya cika kan fistin, mai shi yana ta jan igiya ta ƙi motsi, ya ɗauka injin ya buga. Ga dattijon da zai riƙa cirewa yana mayarwa kullum, ni mai bugu biyu zan zaɓa.

Haɗin mai kuwa, ka bi littafin injin. Galibinsu kashi 50 na fetur ne da kashi 1 na baƙin mai, wato mililita 20 a kowace lita, tankin lita 24 ya sha kusan rabin lita ke nan. Sabon inji ana ninka masa, 25 da 1, a awa goma na farko, kuma ba a buɗe masa wuta duka a wannan lokacin. Ka nemi baƙin man da aka rubuta TC-W3 a jikin galan ɗinsa. Wanda ake zuba wa mota ba nasa ba ne, yana daskarewa a fulogi da ringi.

Ma'aikaci mai ritaya, Gwale:

Ni na hannu na saya, kuma na sha wahalarsa, saboda haka bari in yi magana a kan wannan ɓangare kawai. Na yi ritaya na shiga haɗin gwiwa da wani masunci a madatsar Challawa da ke Karaye, ni da inji shi da jirgi da komarsa. Na je wurin wani mai sayar da injunan da ake shigowa da su daga waje, ya ɗora mini ɗaya a kan benci, ya ja igiya sau ɗaya ya tashi, ƙararsa garau. Na ji daɗi na biya. Ashe wannan tayarwar da ya yi a busasshe ita ce ta ƙarasa robar famfon ruwan, wadda makanikai ke kira imfela, domin ruwa ne ke sanyaya ta, kuma ba ta jure ko minti ɗaya ba tare da shi ba. Ranar farko a Challawa, ba mu yi nisa ba kan injin ya yi zafi har fentin ya fara wari, muka dawo da filafili.

Abin da na koya da kuɗina shi ne, ba a gwada injin jirgi sai ƙafarsa tana cikin duro cike da ruwa. Idan ya tashi, ka zuba ido a kan siririn ruwan da yake fesowa ta bayansa, wanda masunta ke ce wa fitsarin inji. Idan yana zuwa da ƙarfi, famfon yana aiki, idan yana ɗiga ko ya ɗauke, ka san akwai magana. Sannan ka sa a kwance ƙaramin notin da ke ƙasan ƙafar a tsiyayo man giya kaɗan a tafin hannu. Idan launinsa ya yi fari-fari kamar koko, ruwa yana shiga. Ka sa giyar gaba da ta baya ka saurara, ka ja igiyar a hankali ka ji ko tana da tauri, domin wadda ke zuwa sakwa-sakwa alamar ringi ya cinye ce. Ka kuma duba farantin lambar injin. Wanda aka kankare lambarsa, ko da kyauta aka ba ka, ka bar shi, kada wata rana mai shi ya gane abinsa a bayan jirgin dattijo.

Hajiya mai sana'ar banda, Kurna:

Ni ban taɓa riƙe inji ba, amma jirage biyu nake ɗaukar nauyinsu a Wasai, su kamo ni in saya, don haka duk ranar da inji ya tsaya ni ce nake fara ji a jikina. Mun taɓa sayen wani sabo fil a kwali, mai araha, sunan da ke jikinsa ban taɓa jin sa ba kafin ranar. Ya yi wata bakwai lafiya lau, ban da abin cewa. Ranar da farfelarsa ta karye, aka zaga Kano kaf ba a samu irinta ba, aka aika Legas, aka aika Onica, jirgin ya yi sati biyar a kife a bakin ruwa a daidai lokacin da tarwaɗa ke tsada. Ban ce duk mai araha banza ba ne, akwai waɗanda aka ƙera su a kan zubin sanannun injuna, kayan wancan suna shiga wannan. Amma ɗana, kafin ka biya, ka tambayi mai sayarwa ya ɗauko maka farfela da imfela da kayan kafireta na wannan injin a nan take, ka gani a kan teburinsa. Idan ya ce za a kawo, ka riƙe kuɗinka tukuna. Ka kuma je bakin ruwan Rurum ka ƙirga irin injin da ya fi yawa a wurin, domin shi ne makanikin wurin ya saba da shi, shi ne kuma maƙwabci zai iya ara maka fulogi.

Makanikin Sabon Gari, karo na biyu:

Hajiya ta tuna mini da abu guda. Babban abokin gabar injin masunci shi ne zaren komarsa. Guntun zaren kalli ko na mamari yana naɗewa a bayan farfela inda ido ba ya gani, ya ci sil, wato robar da ke tare ruwa, a hankali, ruwa ya shiga giya. A koya wa yaran Baba su riƙa cire farfela duk mako suna dubawa, aikin minti biyar ne da filaya. Idan an ratsa cikin kainuwa ko kacala kuma, a duba ramukan shan ruwa da ke jikin ƙafar, domin ganye ɗaya ko leda ya isa ya toshe su.

Malamin makaranta, ɗan asalin Bagwai:

Ina roƙon a ba ni dama in faɗi abin da ya shafi rai, ko da yake tambayar ta inji ce, domin a wurinmu ba a raba su. Ranar 30 ga Nuwamba, 2021, jirgi ya kife a madatsar Watari da fasinjojin da suka taso daga ƙauyen Badau za su Bagwai, mutum aƙalla 29 suka rasu, yawancinsu ɗaliban Islamiyya. Allah ya jiƙansu da rahama. Abin da na lura da shi a garuruwanmu shi ne, da zarar jirgin su ya samu inji, sai jama'a su mayar da shi jirgin fito, ranar kasuwa a zo da buhuna da awaki da babur, mai jirgi kuma kunya ta hana shi cewa a'a. Inji ba ya ƙara wa jirgi faɗi ko zurfi, hasali ma nauyinsa yana rage abin da jirgin zai iya ɗauka. Saboda haka, cikin kuɗin da kuka haɗa ku ware na rigunan kariya guda uku. Akwai kuma jar igiya mai lanƙwasa da ke zuwa da inji, wadda matuƙi ke ɗaurawa a wuyan hannu, idan ya faɗa ruwa ta fizge injin ya mutu nan take. Na ga da yawa sun naɗe ta a jikin hannun injin ta zama ado. Kada kuma Baba ya ajiye filafilinsa a gida don ya samu inji, musamman da damina da hadari ke tasowa babu sallama.

Masuncin Tiga, karo na biyu:

Ƙarin bayani kaɗan, Malam. Idan ka ga mai doki 9.9 kusa da mai 15 na kamfani ɗaya, ka sani a wasu samfuran gangar jikinsu ɗaya ce, nauyinsu ma ɗaya, don haka ba za ka samu sauƙin ɗauka ba idan ka zaɓi ƙaramin. Idan sauƙin ɗauka kake nema, mai doki 8 ne ke da shi, bai kai kilo 30 ba, kuma ga jirgin ƙafa 22 da mutum biyu zai yi aiki a ranar da ruwa ke kwance. Inda zai gaza shi ne da hunturu, lokacin da iska ke kaɗawa daga gabas tun hantsi, jirgi ya yi nauyi da jiƙaƙƙen kalli, kana son ka kai gaɓa kafin kifi ya fara sauya launi. A irin wannan ranar nake gode wa Allah da na tsaya a 15.

Mai tambaya:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Jiya na je Rurum da awon tela a aljihuna. Allon bayan jirgin inci 19 ne da ɗoriya, ke nan mai doguwar ƙafa za mu nema, kuma kafinta ya ce sai ya sauya katako ɗaya da ya fara ruɓewa kafin a ɗaura komai. Na ƙirga injunan da ke bakin ruwan kamar yadda Hajiya ta ce, na tarar mafi yawansu masu doki 15 ne masu bugu biyu, makanikin wurin ma ya buɗe akwatinsa ya nuna mini imfela uku da farfela ɗaya na irinsu. Yayana da ya dage a kan mai 40 ya sauko bayan da na karanta masa labarin buhun yashi. Kawu kuwa abu ɗaya ya tambaya, ko zai iya ɗaga injin shi kaɗai, saboda haka mun shirya ranar Asabar zan zo da shi Kano ya ɗaga da hannunsa kafin mu biya. Malam makaniki, idan ba damuwa, ina so ka raka mu, ni zan kawo duron da ruwan.