Ina ya dace manhajar gina shiri (wadda ke harhaɗa abin da masu shirya manhaja suka rubuta ya zama shiri mai aiki) ta ajiye fayil ɗin saituna?

Shawarar ita ce a daina zuba komai cikin babban fayil guda ɓoyayye a gidan mai amfani, wato babban fayil ɗinsa na kansa a kwamfuta, wanda ake nunawa da alamar ~. A raba saituna da ma'ajiyar wucin gadi. A Linux a bi tsarin XDG, ƙa'idar da ta tsara inda manhajoji za su ajiye fayilolinsu: saituna su tafi inda saitin XDG_CONFIG_HOME ya nuna, in ba a saita shi ba sai ~/.config, kayan da aka sauke kuma ~/.cache. A Windows, %APPDATA% na saituna ne, %LOCALAPPDATA% na kayan wucin gadi. Wannan rabon ba ado ba ne. %APPDATA% yana bin mutum daga kwamfuta zuwa kwamfuta a hanyar sadarwar ofis, don haka in aka cika shi da fakitoci, shiga kwamfuta ma sai ya zama aiki.

A macOS ne ra'ayi ya rabu. Apple ta tanadi ~/Library/Application Support, amma masu aiki da layin umarni da yawa sun saba da ~/.config. Mafita: in mutum ya saita XDG_CONFIG_HOME da kansa, a girmama shi.

Wajen ƙaura daga tsohon wuri zuwa sabo ake yin ɓarna. Kada a kwashe fayilolin mutane a ɓoye. Cabal, manhajar gina shiri ta harshen Haskell, ya yi dabara a sigarsa ta 3.10: in ~/.cabal yana nan, da shi za a ci gaba. A kuma yi watsi da adireshin XDG da bai fara daga tushe (wato da alamar /) ba, sannan a samar da umarni guda da zai buga ainihin fayil ɗin da aka karanta.