Sabuwa ko ta hannu: wace na'urar sauti ya kamata in saya?

Mai tambaya:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar kayan sauti. Ina so in haɗa na'urar sauraro mai inganci a falo, wato amfilifaya (na'urar ƙara ƙarfin sauti) ɗaya da lasifika biyu, amma tun da darajar naira ta faɗi bayan sauya tsarin canji a watan Yunin 2023, farashin sababbin kayan Marantz da Denon masu daraja ya fi ƙarfina. Wani dillali a kasuwar Alaba da ke Legas ya turo mini hotunan tsohuwar amfilifayar Yamaha da aka shigo da ita daga Japan, tare da lasifikar KEF, kuma kuɗinsu duka bai kai na sabuwar amfilifaya mai matsakaicin daraja ba. Shin in ɗauki na hannu masu suna, ko in haƙura da sababbi waɗanda ba su kai su ba?

Mai gyaran rediyo:

Wa alaikumus salam. Malam, kafin a zo maganar daɗin sauti, ka sa a ɗauko maka hoton bayan amfilifayar, inda aka rubuta ƙarfin wutar da take ɗauka. Kayan da aka ƙera domin kasuwar cikin gida ta Japan suna aiki da bolt 100, na Amurka da 120, mu kuwa wutarmu 230 ce. Idan ba ta da makunnin sauya ƙarfin wuta, dole ka haɗa ta da taransifoma mai rage wuta, kuma duk ranar da wani a gidan ya manta ya jona ta kai tsaye, to ta ƙone.

Abu na biyu shi ne kafasita. Manyan kafasitocin da ke tace wuta a cikinta suna ɗauke da wani ruwa wanda yake bushewa da shekaru, zafi kuma yana gaggauta bushewar. Ƙa'idar da muke aiki da ita ita ce, duk ƙarin zafi na digiri 10 yana rage rayuwarsu da rabi. Na'urar da ta shekara talatin a ƙasa mai sanyi, idan ta zo ta haɗu da zafin watan Afrilu da ƙurar hunturu da ke toshe mata kafofin iska, ba za ta daɗe ba ta fara gurnani. Duk da haka ni ina goyon bayan ta hannu, domin tsofaffin amfilifayoyi an yi su ne yadda za a iya buɗewa a gyara, kuma sauya kafasita aiki ne da ƙwararre zai yi da sauƙi. Sai dai ka sa kuɗin gyaran cikin lissafinka tun kafin ka yi tayi.

Mai sha'awar sauti:

Ina girmama ra'ayin Malam mai gyara, amma akwai abin da bai ambata ba. Yawancinmu yanzu da sola da inbata muke kunna kayanmu, tsofaffin amfilifayoyi kuwa suna shan wuta sosai, kuma suna mayar da kaso mai yawa nata zafi. Sababbi masu tsarin aji D suna kai kusan kashi 90 cikin ɗari na wutar ga lasifika, saboda haka ba sa cinye batir, ba sa kuma ɗumama ɗaki. Haka nan duk na'urar da ta dogara da HDMI (wayar haɗa sauti da hoto) ko Bluetooth ko jawo waƙa daga intanet, ban ga dalilin sayen tsohuwarta ba, domin fasaharta tana tsufa da wuri. Batun garanti kuwa a yi hattara: yawanci yana aiki ne a yankin da aka sayar da kayan ta hannun dillalin da kamfani ya amince da shi, don haka sabuwar da aka yo odarta daga Dubai ko Amurka ba lalle ta zo da wata kariya ba. Shawarata ita ce amfilifaya sabuwa, lasifika ta hannu, tunda a lasifikar ne mafi yawan bambancin sauti yake.

Mai tambaya:

Na gode ƙwarai. To idan na tsaya kan lasifikar, me zan duba?

Mai gyaran rediyo:

Kada ka biya bisa hoto. Ka je da kanka ko ka tura wanda ka yarda da kunnensa. A cire murfin gaba a duba zoben da ya kewaye babbar sifikar da ke cikin akwatin lasifikar: idan na soso ne, yakan ruɓe ya farfashe bayan shekara goma sha biyar zuwa ashirin, na roba kuwa ya fi jurewa. A danna tsakiyarta a hankali da yatsu. In aka ji tana gogar wani abu, to wayar cikinta ta taɓa yin zafi. A auna ta da mita: lasifika mai om 8 (om shi ne ma'aunin turjiyar wuta) takan nuna kimanin 6, kuma ya kamata biyun su zo kusan daidai da juna. Sannan a kunna waƙar da ka sani sarai, a kara kunne a kan ƙaramar sifikar sama ta kowane ɓangare, domin ita ce ta fi saurin mutuwa, kuma samun irinta ta tsohon samfuri yana da wuya ƙwarai. In ɗaya ta yi shiru, ka bar musu kayansu ko da sun rage maka rabin kuɗin.